Kafin a Cika Gona da Sabon Iri, a Gwada Shi

Wanda duk ya bi hanyar Zariya zuwa Funtuwa a watan Agusta zai riƙa ganin gonaki a bakin titi, an kafa musu allo da sunan iri ko na taki, masara ta yi kore shar har ta rufe mutum. Waɗannan gonakin nuni ne. An zaɓi wuri mai ƙarfi, an zuba taki a kan kari, noma bai makara ba. Suna nuna iyakar abin da iri zai iya yi idan komai ya zo daidai. Amma ba za su gaya maka abin da zai yi a jigawar da ta gaji ba, a hannun mutumin da yake raba buhun taki ɗaya a gonaki uku. Wannan sai an gwada a gonar mai ita, kuma gwajin yana da ƙa'idoji.

Ta farko ita ce a bar abin aunawa. Idan za a gwada sabon gero, dole a shuka wanda manomin ya saba da shi a gefensa, rana ɗaya, taki ɗaya, noma ɗaya. Mutum ya cika gona da sabon iri bana, ya kwatanta da damman da ya ɗaure bara, bai gwada komai ba, domin ruwan bana ba shi ne na bara ba. Haka kuma tambaya ɗaya ake yi wa gwaji. Wanda ya sauya iri, ya ƙara taki, ya rage tazarar shuka duk a lokaci guda, in amfani ya ƙaru, wanne zai yaba wa?

Matsala mafi girma ita ce gona ɗaya ba ƙasa ɗaya ba ce. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili, saboda gawo yana zubar da ganye da damina, dabbobi kuma sun sha inuwarsa da rani sun bar kashi. Akwai makwancin shanun Fulani, akwai tsohon shuri, akwai kwarin da ruwa ke kwanciya, akwai kusurwar da ƙuduji ya mamaye. Idan sabon iri ya faɗa a makwancin shanu, tsohon kuma ya faɗa cikin ƙuduji, an gama shari'a tun kafin tsiro. Wannan ce matsalar da masanin lissafi Ronald Fisher ya tarar lokacin da ya fara aiki a 1919 a tashar bincike ta Rothamsted da ke Ingila, inda ake wani gwajin taki a kan alkama tun 1843. Maganin da ya kawo, wanda har gobe da shi ake aiki a cibiyar binciken noma ta Samaru da ko'ina, abu uku ne: a maimaita kowane iri a wurare da dama, a haɗa su rukuni-rukuni a inda ƙasa ta yi kama da juna, sannan a bar ƙuri'a ta zaɓi wanda zai zauna a kowane wuri. Ƙuri'ar tana da muhimmanci, don zuciya ba ta da gaskiya a nan: mai son sabon iri zai ba shi wuri mai kyau ba tare da ya lura ba.

A aikace abin bai da wuya. A yanka gona kashi huɗu gwargwadon yanayin ƙasarta. A kowane kashi a auna fili biyu, kowanne mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, a rubuta sunayen irin a takarda, a sa yaro ya ɗauka. A kafa turaku, a kuma zana taswirar a littafi, saboda gara da yara ba sa barin turke ya kai kaka. Ranar girbi a bar kunyoyin gefe, don sukan sha takin maƙwabta. In an yi haka sai a auna faɗin da aka girbe, a lissafa da shi. Fili mai murabba'in mita 100 kashi ɗaya ne cikin ɗari na hekta, saboda haka kilo 12 a nan na nufin kilo 1,200 a hekta. Kuma hatsi ake aunawa a sikeli bayan ya bushe an sussuke. Dami ba ma'auni ba ne, na wani ya fi na wani.

Sai kuma abin da tashar bincike ba ta fama da shi. Gonar manomi abincin gidansa ce. Awaki kan shiga, tsuntsaye kan taru a kan geron da ya riga na kowa nuna, maigida kan karya masara ɗanya in baƙi sun zo. Wani manomin yakan lallaɓa filin gwaji fiye da sauran gonar don ya burge malamin gona, wani kuma sai ya gama noman nasa kafin ya waiwaye shi. Duka biyun ɓata lissafi suke yi. Shi ya sa tun kafin ruwan shuka ya kamata mai gona da mai bincike su zauna su yi magana ƙarara: wa zai kawo iri, wa zai yi noma, amfanin na wa ne, kuma in abin ya lalace wa zai ɗauki asara. A ganina mai binciken da bai yarda ya ɗauki wani kaso na asarar ba bai cancanci a ba shi aron ƙasa ba.

Nauyin hatsi ma ba shi kaɗai ne hukunci ba. A shekarun 1960 da 1970, David Norman da abokan aikinsa na cibiyar IAR da ke Samaru sun bi manoman ƙauyukan Zariya gona-gona, suka gano cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda ake yi wa kallon ci-baya, lissafi ne mai kyau na samun riba da rage kasada. Daga baya masu binciken wake na cibiyar IITA a Kano sun koyi cewa manomi yana duban harawa kamar yadda yake duban ƙwaya, har suka mayar da hankali ga irin da ke ba da duka biyun. A Nijar, dabarar sa ɗan taki kamar giram 6 a kowane ramin shuka, wadda cibiyar bincike ta ICRISAT ta yi aiki a kanta daga tasharta ta Sadore, tana ƙara amfanin gero, amma tana neman ƙarin hannu a ranar shuka, ranar da kowa ke neman hannu. Irin wannan sai an tambayi mai gona da masu girki a gidansa.

Damina ɗaya ba ta isa ba, gona ɗaya ma haka. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce wadda aka fara a Malawi a ƙarshen shekarun 1990: babban gwaji guda a tsakiyar ƙauye mai ɗauke da duka iri, sannan manoma da yawa kowa ya ɗauki biyu ko uku ya gwada a tasa gonar. Ƙungiyar manoma goma da sikeli ɗaya da littafi ɗaya za su iya yin haka ba tare da jiran kowa ba. In dillalin iri ya zo da hoton masara a waya, a sayi mudu ɗaya, a shuka shi gefen na gida damina biyu, a auna, sannan a yi maganar buhu.