Amaterasu: Matsayin Rana a Addinin Shinto da Sarautar Japan

Shinto shi ne addinin gargajiyar mutanen Japan, ma'anar sunan kuwa ita ce hanyar kami. Tun daga wannan kalma ta kami mai fassara zuwa Hausa yake fara cin karo da matsala. In ya ce gunki ya yi kuskure, domin galibin wuraren bautar Shinto ba a kafa mutum-mutumi a cikinsu don a fuskance shi. In kuwa ya ce ubangiji ya wuce gona da iri, domin kami ba su ƙidayuwa, akwai na dutse, da na kogi, da na kakannin da suka shuɗe, kuma cikin labaransu ana haihuwarsu, suna fushi, har a yaudare su. Kalmar iskoki, yadda Maguzawa suke amfani da ita, ta fi kusa, ko da yake ita ma ba ta cika ma'anar ba. Babba a cikin waɗannan kami ita ce Amaterasu, watau mai haskaka sama, wadda ake danganta ta da rana. Bahaushe ba zai yi mamakin jin mace ce ba, tun da a harshensa rana tamata ce, wata kuma namiji.

Littattafai biyu ne tushen labarinta: Kojiki, wanda aka kammala a shekarar 712, da Nihon Shoki na shekarar 720. Dukansu a fada aka tsara su bisa umurnin masu mulki, abin da ya kamata mai nazari ya riƙe a zuci. Bisa ruwayar Kojiki, Izanagi ya bi matarsa Izanami zuwa ƙasar matattu, ya komo da ƙazanta a jikinsa, ya shiga ruwa don ya tsarkaka. Da ya wanke idonsa na hagu sai Amaterasu ta samu, daga na dama Tsukuyomi mai wata, daga hanci kuma Susano'o mai hadari da guguwa.

Sashen da ya fi shahara shi ne na ɓuyanta cikin kogo. Susano'o ya hau sama wurin yayarsa, ya rushe kunyoyin gonakin shinkafarta, ya cike magudanan ruwa, ya yi kashi a zauren da ake cin sabon amfanin gona. Duk ta yi haƙuri, har tana nema masa uzuri. Sai ya feɗe doki ya jefo shi ta rufin ɗakin saƙa, wata masaƙiya ta firgita ta soki kanta da ƙoshiya ta mutu. Nan Amaterasu ta shige kogon dutse ta rufe, duniya ta yi duhu, masifu suka taso ta ko'ina. Kami suka taru a bakin kogin sama suka yi shawara. Aka kawo zakaru suka yi cara, aka ƙera madubi, aka rataye shi a bishiya tare da duwatsun ado, sa'an nan wata mai suna Uzume ta hau kan kifaffen baho tana rawa, tana yaye tufafinta, har taron ya fashe da dariya. Amaterasu ta ɗan leƙo don ta ga abin da ya kawo murna alhali ba ta nan. Aka ce mata an sami wadda ta fi ta, aka nuna mata madubin. Tana kallon hoton kanta sai wani ƙaƙƙarfa ya fizgo ta waje, aka gitta igiya a bakin kogon don kada ta koma.

Wasu masana sun fassara labarin da husufin rana, wasu da gajartar yini a tsakiyar hunturu. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne irin laifuffukan da aka jera. Dukansu ɓarna ce ga noman shinkafa da ƙazantar da wuri mai tsarki. Ke nan a wannan addini babban abin gudu shi ne dauɗa, maganinta kuwa wanki, shi ya sa har yau mai ziyara yake wanke hannu da baki kafin ya shiga. Igiyar tattaka da ake ratayewa a ƙofar wuraren bauta ma, ga igiyar kogon nan ake mai da asalinta.

Daga nan labarin ya juya ga sarauta. Amaterasu ta aiko jikanta Ninigi ya mallaki ƙasa, ta ba shi madubi da takobi da dutsen ado. Daga zuriyarsa aka ce Jimmu, sarkin farko, ya fito a shekarar 660 kafin Miladiyya, lissafin da masana tarihi ba su karɓa ba. Kayan nan uku su ne kayan sarautar Japan: takobin yana Atsuta a birnin Nagoya, dutsen yana fada a Tokyo, madubin yana Ise, ba mai ganinsa.

Ise, a lardin Mie, nan ne babban wurin bautarta. Ginin katako ne mai rufin ciyawa, ba fenti, ba ado mai yawa, kewaye da shinge huɗu. Duk bayan shekara 20 akan gina sabo a filin da ke gefensa, a mai da madubin can da dare, a rushe tsohon. An fara wannan al'ada a shekarar 690, ta tsaya fiye da shekara 120 a zamanin yaƙe-yaƙen ƙarni na 15 da na 16, an yi karo na 62 a 2013, na gaba kuwa an tsai da shi a 2033. Ta haka sana'ar sassaƙa da ta saƙa suke wucewa daga gwani zuwa almajiri tun gwanin yana da rai. Talakawa ma ba a bar su a baya ba, domin a shekarun 1705 da 1771 da 1830 miliyoyin mutane sun yi tururuwa zuwa Ise a ƙafa, har barori da yara ba da izinin iyayen gidansu ba.

Matsayinta bai zauna wuri ɗaya ba. Bayan shigowar addinin Buda a ƙarni na 6, sai aka riƙa ɗaukarta a matsayin wata siffa ta Dainichi, watau Budan babbar rana. Malamin nan Motoori Norinaga, wanda ya ƙare sharhinsa kan Kojiki a 1798, ya ƙi wannan, ya tsaya kan cewa ita ce ainihin ranar da ke haskaka duniya duka, don haka ƙasarsa ta fi sauran ƙasashe. Wannan ra'ayi ya yi amfani ga gwamnatin da ta hau a 1868, wadda ta raba Shinto da addinin Buda, ta kuma rubuta a tsarin mulkin 1889 cewa sarki mai tsarki ne. Aka koyar da labarin Jimmu a makarantu a matsayin tarihi. Da Tsuda Sokichi ya nuna cewa 'yan fada ne suka tsara ruwayoyin don su ƙarfafa gidan sarauta, sai aka haramta littattafansa a 1940, aka yanke masa hukuncin ɗauri a 1942.

Bayan an ci Japan da yaƙi, hukumar mamaya ta Amurka ta raba Shinto da gwamnati a watan Disamba na 1945. Ranar 1 ga Janairu 1946 Sarki Hirohito ya musanta cewa shi abin bauta ne a siffar mutum, amma lafazin sanarwar bai taɓa batun fitowar zuriyarsa daga Amaterasu ba. Saboda haka jayayyar ba ta mutu ba. A watan Nuwamba na 2019 Sarki Naruhito ya yi bikin miƙa mata sabuwar shinkafa, kamar yadda kowane sabon sarki yake yi, gwamnati ta biya kuɗin, wasu 'yan ƙasa suka kai ƙara cewa an keta tsarin mulkin 1947. Ƙanen sarkin ma, Yarima Akishino, ya nuna shakkarsa a bainar jama'a tun a 2018. Akwai kuma wani abin lura: gidan da yake jingina asalinsa ga mace, wanda mata 8 suka taɓa hawa gadonsa, dokar 1947 ta keɓe gadon ga maza kaɗai, ko da yake babbar mai jagorancin bauta a Ise tun 2017 mace ce, Kuroda Sayako, ƙanwar Sarki Naruhito.