Yadda Jama'a Ke Zaɓen Aikin Da Za A Fara Yi Musu

Kowace majalisa da ke riƙe da kuɗin jama'a takan gamu da matsala guda: shawarwari da yawa, kuɗi kaɗan. Wannan na son rijiya, wancan ɗakin shan magani, wani kuma rumfunan kasuwa, alhali kuwa abin da ke cikin baitulmali ɗaya kawai zai iya ɗauka. Sau da yawa babba ne ke fara magana, saura su ce madalla, a tashi. Masana sun daɗe suna neman hanyar da ta fi wannan adalci.

A cikin 1770 wani Bafaranshe masanin lissafi, Jean-Charles de Borda, ya nuna cewa ɗaga hannu ma yana iya yaudarar mutane. Ga misali. A ce mutum 9 ne a majalisa. Mutum 4 sun fi son kasuwa, sai ɗakin magani, kana rijiya. Mutum 3 sun fi son rijiya, sai ɗakin magani, kana kasuwa. Sauran 2 sun fi son ɗakin magani, sai rijiya, kana kasuwa. In an ɗaga hannu, kasuwa ta ci da ƙuri'a 4, alhali mutum 5 sun sa ta ƙarshe.

Dabarar Borda ita ce kowa ya jera ayyukan bi da bi, na farko ya sami maki 3, na biyu 2, na uku 1. In an haɗa, kasuwa 17, rijiya 17, ɗakin magani 20. Watau aikin da babu wanda ya ƙi shi ne ya fito.

Wani gari a ƙasar Birazil, Porto Alegre, ya kai irin wannan tunani nesa. A cikin 1989, zamanin da Olívio Dutra ke shugabancin garin, aka buɗe wa talakawa ƙofar tsara kasafin kuɗi. Aka raba garin shiyya 16. Kowace shekara mutanen kowace shiyya sukan taru su jera bukatunsu, kamar ruwan famfo, magudanan ƙazanta, kwalta, gidaje, makarantu da asibitoci, su kuma zaɓi wakilan da za su kai maganar gaba.

Amma fa ba yawan hayaniya ke ba shiyya rabo ba. Abu uku ake aunawa: matsayin da shiyyar ta ba aikin, da yawan rashin da take fama da shi, da yawan mutanenta. Saboda haka unguwar da ba ta da titi ko ɗaya ta riga wadda ke neman ƙari. Injiniyoyin hukuma kuma sukan duba ko aikin zai yiwu, da nawa zai ci. Bankin Duniya ya ba da labarin cewa gidajen da ke da ruwa da magudana sun tashi daga kashi 75 cikin 100 a 1988 zuwa kashi 98 a 1997. Garuruwa da dama a duniya suka kwaikwayi tsarin.

Duk da haka, kowane allazi da nasa amanu. Lissafin Borda yana da ɓaraka, domin mai wayo yana iya sa aikin abokin hamayyarsa ƙarshe da gangan. A Porto Alegre kuwa, bayan jam'iyyar da ta kawo tsarin ta faɗi zaɓe a 2004, sai ayyukan da jama'a suka zaɓa suka riƙa taruwa ba a yi ba, har gwiwar mutane ta yi sanyi.

Abin lura ga malamai da ma'aikata shi ne, a amince da ma'aunin tun kafin a ji shawarwarin, kowa ya rubuta ra'ayinsa kafin babba ya yi magana, a kuma bayyana lissafin a fili. Bayan haka lalle a zartar da abin da aka zaɓa, domin mutumin da aka tambaya sau biyu bai ga aiki ba, da wuya ya amsa kira na uku.