Da Hankalinsu Suke Kisa: Gargaɗi Daga Ƙasar Gobir

Duk lokacin da labari ya iso cewa an sake afka wa wani ƙauye tsakanin Sabon Birni da Isa, abin da ke fara fitowa daga bakin jama'a shi ne, "Waɗannan mutane mahaukata ne." Ba a ga laifin mai faɗin haka ba. Wanda ya ji yadda aka tare mota a Gidan Bawa cikin Disambar 2021, aka cinna mata wuta da matafiya a ciki, dole ya rasa sunan da zai ba wannan ta'asa. Sai dai maganar ba haka take ba, kuma tana cutar da mu.

Mu duba Gangara. A Nuwambar 2021 jaridu suka ruwaito cewa yaran ɗan bindigar nan Bello Turji sun tara mutanen garin, suka ture mai gari, suka ɗora nasu, suka ce a koma gona, amma da sharaɗin biyan haraji. Mai taɓin hankali ba ya naɗin sarauta. Ba ya yanka wa gari kuɗin noma ya sa ranar biya, ba ya ajiye masu kai masa rahoto a kasuwa da tasha. Wata guda bayan haka Turji ya aika wa Sarkin Shinkafi da gwamnan Zamfara da shugaban ƙasa wasiƙa, yana gindaya sharuɗɗan sulhu. Waɗanda suka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a 2024, sai da suka ɗauke shi bidiyo, suka yi makonni suna cinikin fansa kafin su kashe shi. Wannan duk lissafi ne na masu cikakken hankali.

Turawa ma sun yi irin wannan gardama. A 2011 Anders Breivik ya kashe mutum 77 a ƙasar Nowe. Likitocin da suka fara duba shi suka ce ba ya cikin hayyacinsa, na biyu suka ce yana cikin hayyacinsa. A 2012 kotu ta yanke cewa da hankalinsa ya aikata, ƙiyayyar baƙi da Musulmi ce ta kai shi.

To, aƙida ce ke nan? A wasu wurare babu ko shakka. Rikicin Maitatsine da ya ci rayuka fiye da 4,000 a Kano a 1980 wa'azi ne ya haife shi, haka nan Lakurawan da suka ɓulla a Tangaza da Gudu da sunan addini suke karɓe shanun mutane su kira shi zakka. Na ƙasar Gobir kuwa ya fi sarƙaƙiya. Ya faro ne daga satar shanu da rigimar gona da burtali da ramuwar gayya, daga baya kuɗin fansa ya mayar da shi sana'a. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani tunani da ake cusa wa yaro kafin a miƙa masa bindiga: duk mutumin garin can ɗan sa-kai ne, jininsa ya halatta. Mu ma, a faɗi gaskiya, muna da namu: duk Bafulatani ɗan bindiga ne. Da wannan tunani 'yan sa-kai suka kashe Fulani a kasuwar Mamande a Oktoban 2021, ba a yi sati biyu ba aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum fiye da 40 suka mutu. Wannan ma tsattsauran ra'ayi ne, ko da ba a jawo aya ba. Ƙwaya kuwa tana cire tsoro da tausayi, amma ba ita ke zaɓen ƙauyen da za a shiga ba.

Idan muka ce mahaukata ne, mun yi musu uzuri ba mu sani ba, domin ko a shari'a ba a kama wanda hankalinsa ya gushe da laifi. Mun kuma jefa masu lalurar gaske cikin haɗari, don a garin da tsoro ya cika, baƙon da ke yawo yana surutai shi kaɗai nan da nan ake ce masa infoma, a rufe shi da duka. Mafi muni, sai mu daina sa ido a kan 'ya'yanmu, muna ganin ai su lafiyarsu lau, alhali masu lafiya lau ɗin ake ɗauka.

Masu ciwon ƙwaƙwalwa a wannan rikici suna cikin waɗanda aka zalunta: matar da ba ta barci tun da aka sako ta daga daji, yaron da ƙarar babur ke sa shi rawar jiki, dattijon da ya yi hijira zuwa jihar Maraɗi ya daina magana. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kuma tun 2023 dokar ƙasa ta kare haƙƙin masu wannan lalura. Jama'a, wanda ke da irin wannan majinyaci a gida ya kai shi ga likita, kada a ɗaure shi da mari. Wanda kuma ya ji ɗansa ya fara cewa wata ƙabila duka kisa ya dace da ita, ya zaunar da shi tun yau, ya kira malaminsa da kawunsa.