Yadda za ku tare tallace-tallace tun daga akwatin wifi na gida

A Bonkuku da Filinge, duk gidan da ke da akwatin wifi ya san zafin forfe da ke ƙarewa tun wata bai mutu ba. Wani kaso na megan nan tallace-tallace ne ke cinye shi, hotuna da bidiyon da ba wanda ya nema.

Kafin waya ta buɗe shafi, sai ta tambayi DNS adireshinsa. DNS mai tacewa, kamar na AdGuard, ba ya ba da adireshin masu talla, don haka tallar ba ta sauka a kowace waya ta gidan.

Ku haɗa waya da wifin, ku buɗe adireshin da ke rubuce a jikin akwatin, galibi 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. A gurbin DNS, ku fara kwafe lambobin da kuka tarar, sannan ku sa 94.140.14.14 da 94.140.15.15. Ku adana, ku kashe akwatin, ku sake kunnawa.

Idan akwatin ya ƙi, a wayar Android 9 zuwa sama ku nemi "DNS privé", ku rubuta dns.adguard-dns.com.

Sai dai tallar YouTube da Facebook za ta ci gaba da fitowa, domin hanyarta ɗaya da bidiyon da kuke kallo.