Vinoba Bhave: Malamin Hindu da Ya Roƙi Gona, Ya Karɓi Bindiga

Mutanen 'Yankuzo da sauran ƙauyukan Tsafe a jihar Zamfara ba sa buƙatar a yi musu bayanin rikicin gona ko na ɗan bindiga. Shi ya sa labarin Vinoba Bhave, malamin addinin Hindu kuma almajirin Gandhi, ya cancanci su ji shi.

An haife shi a 1895 a yammacin Indiya. A watan Afrilun 1951 ya isa ƙauyen Pochampally a yankin Telangana, inda talakawa marasa ƙasa suka ce masa eka 80 za ta ishe su rayuwa. Nan take wani mai ƙasa, Ramachandra Reddy, ya ba da eka 100. Daga nan Vinoba ya shiga yawo a ƙafa gari-gari har shekara 13, yana ce wa masu gonaki su ɗauke shi ɗa a gidansu, su ba shi kashi ɗaya cikin shida domin marasa shi. Ya tara fiye da eka miliyan 4. Gaskiya kuwa, da yawa daga ciki fako ne ko filin da ake shari'a a kansa, don wasu masu kyautar abin da ba sa so suka miƙa. Duk da haka iyalai masu yawa sun sami wurin noma.

A 1960 ya shiga kwarin Chambal, matattarar 'yan fashin dajin da masu kallon finafinan Indiya suka saba gani. Kimanin 20 suka ajiye makamai a gabansa. A 1972 abokin tafiyarsa Jayaprakash Narayan ya karɓi tubar ɗaruruwa.

Sharaɗin tubar shi ne abin lura. Sun miƙa bindigogi, sun gurfana gaban alƙali, da yawansu sun yi zaman kurkuku. A 1972 abin da aka lamunce musu shi ne ba za a rataye su ba. Sulhun da gwamnatin Zamfara ta yi a 2019 bai bi wannan hanya ba, galibin makamai sun ci gaba da zama a daji, manomi kuma ya ci gaba da biyan kuɗi kafin ya shiga gonarsa.

Vinoba ya rasu a 1982. Duk mai zuwa da maganar sulhu a Tsafe, a fara tambayarsa inda bindigogin za su tafi, da kotun da za ta saurari waɗanda aka zalunta.