Baƙin Kundin Kamfanonin Kati: Yadda Ake Rufe wa Ɗan Kasuwa Ƙofa Shekara 5

Kamfanin Mastercard yana da wani kundi mai suna MATCH, inda bankuna ke rubuta sunayen 'yan kasuwar da suka yanke hulɗa da su bisa wani laifi. Duk bankin da zai buɗe wa mutum hanyar karɓar kuɗi ta katin kamfanin, dole ya fara leƙa kundin. Suna in ya shiga, sai ya yi shekara 5 kafin ya fita. Visa ma tana da irin nata. Ana rubuta sunan shago haɗe da na masu shi, saboda haka sake rajista da sabon suna ba ya wanke kowa.

Tushen abin tsoron asara ne. Tun daga dokar da Amurka ta kafa a 1974 don kare masu katin bashi, mai saye ya samu ikon kai ƙara bankinsa cewa bai san da wani ciniki ba, ko kaya ba su iso ba, a janyo masa kuɗinsa daga asusun mai sayarwa. Galibi yana da kwana 120 na yin hakan. In mai sayarwa ya tsere ko ya karye, bankinsa ne zai biya. Shi ya sa Mastercard ta yanka iyaka: in a wata guda cinikin da aka janye ya haura ɗaya cikin ɗari, kuma jimillarsa ta kai dala 5,000, dalilin shiga kundi ya samu.

Lamarin ya tsananta ne da ciniki ya koma intanet, musamman daga annobar korona ta 2020. Mai sayarwa ba ya ganin kati, ba ya ganin mai shi. Ɓarayin lambar kati sun samu fili, haka ma masu ƙaramin imani da za su karɓi kaya lafiya lau sannan su ce ba su yi oda ba. Kamfanonin kati kuma suka ƙara matsa wa bankuna. A Afrilun 2025 Visa ta haɗe lissafin zamba da na ƙorafi a ma'auni guda. Bankin da ke gudun tara kuwa ba zai tsaya dogon bincike a kan ƙaramin ɗan kasuwa ba, sallamarsa ta fi masa sauƙi.

A nan ne nake ganin rashin adalci. Babu zaman sauraren ba'asi. Mutane da yawa ba sa sanin an rubuta su sai sun je neman sabon asusu an yi ta juya musu baya. Mastercard ba ta cire suna da kanta, bankin da ya saka ne kaɗai zai iya, shi ma sai in kuskure ya yi, ko laifin na sakaci da tsaron bayanan kati ne kuma an gyara. Ƙa'ida ba ta hana wani banki ɗaukar wanda ke kundi ba, amma kaɗan ne ke yarda, su ma da tsadar caji da riƙe wani kaso na ciniki har watanni. Kundin yana tare 'yan damfara masu yawo banki-banki, wannan gaskiya ne, sai dai hukunci ɗaya yake yi wa ɓarawo da wanda ɓarayi suka cuta.

Akwai laifin da ya fi kusa da 'yan kasuwarmu, yanzu da ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya cika kasuwanni da na'urar POS, masu atamfa da turare kuma ke sayarwa ƙetare ta intanet. Shi ne karɓar wa wani kuɗin cinikinsa ta asusunka. A wurinmu taimakon maƙwabci ne; a ƙa'idar kamfanonin kati safarar ciniki ce, tana cikin dalilan shiga kundi, kuma ba ta jiran wata dala 5,000. In katin da aka kawo wa maƙwabcin na sata ne, sunanka ne a rubuce.

Bayan guje wa wannan laifi, sauran kariyar ba ta da wuya. Sunan da ke fitowa a saƙon bankin mai saye ya zama wanda ya san shagon da shi. A ajiye rasiɗi da shaidar isar kaya, a kunna tabbacin lambar sirri da ake tura wa mai kati a waya. Mai ƙorafi in ya kira a ɗauka, in da gaskiyarsa a mayar masa da kuɗinsa nan take, domin wanda ka mayar da hannunka ba ya shiga lissafin janyewa. Wanda banki ya rufe wa asusu kuma, ya nemi a rubuto masa dalili, ya tambaya kai tsaye ko an saka shi a kundi, tun kafin ya nufi wani banki.