Jegon Albasa

A kwarin Tarka, tun daga Karofan ta ƙasar Buza har a gangaro Madawa, Maris da Afrilu watannin cirar albasa ne. Mai bashi a wuya yakan cika buhuna ya kai Tunfafi ko Sabon Gida, manyan motoci su kwashe sai Akara da Abijan. Amma a kowace garka akwai wadda ba a kai wa kasuwa, wadda aka ware don iri. Kawuna "uwa" yake ce mata, kuma yadda ake riƙon mai jego haka yake riƙon ta.

Tun tana ƙasa hidimar ke farawa. Da ganye ya soma kwanciya sai ya ɗauke mata ruwa. Na taɓa ce masa, "Kawu, ga ta tana yaushi, ba a ƙara mata ko sau ɗaya?" Ya ce, "Bar ta, ɗana, abinci take saukarwa." Abin da ke cikin ganyen ne yake komawa cikin kai, ƙarfin da za ta tashi da shi baɗi ke nan. Masu furen tulif a ƙasar Holan ma haka suke yi: fure ya kaɗe, ba su taɓa ganyen sai ya yi kamar mako 6 ya bushe da kansa, sannan su tono su adana.

In an cire ta, ido na kan wuya. Kowace tsohuwa ta san cibiyar jariri ita ce ƙofar ciwo har sai ta bushe ta faɗi. Wuyan albasa ma haka ne. Kawu yakan bar ta kwanaki a fili, ganyen wannan ya rufe kan waccan don kada rana ta ƙona ta, in zai yanke kuma sai ya bar mata kamar yatsa biyu. Yakan murza wuyan tsakanin babban yatsa da manuni. In ya ji ƙaras-ƙaras ta shiga cikin na iri. In ya ji santsi, ta tukunya ce. Mai kaurin wuya da wadda ta ƙoshi da takin zamani ba ya ko kallon su, don ya san ba za su ga ƙarshen damina ba.

Ɗakin jegonta shi ne rudu: kara da ciyawa, gado bisa itace don kada ta taɓa ƙasa, iska na ratsawa ta ko'ina. A nan suka rabu da mai jego. Ita mai jego ruwan zafi da kunun kanwa take so, albasa kuwa, wadda ta tashi da ruwa safe da yamma, yanzu ɗigo ɗaya daga rufi ya isa ya hallaka ta. Watan Agusta ne mai wuya. Kawu kan rusuna ya shiga, hanci ya riga hannu, ya juya su ɗaya-ɗaya ya fidda mai taushi tun ba ta shafa wa 'yan'uwanta ba. Abin da ke ci mini rai shi ne ganin mutum ya sha wahalar ban ruwa wata huɗu, sannan ya jibge albasarsa a ɗakin kwano, ya rufe ƙofa, bai ƙara leƙawa ba sai wari ya kira shi. Da haka mutane da yawa suka koma sayen iri a kasuwa ba su san uwarsa ba, ana ce musu 'yar Galmi ce, a tsiro a ga gauraye.

Sanyi na soma busowa, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, sai a buɗe rudu. Wadda ta rage ta ɗan rame, ɓawonta ja mai sheƙi, wata har ta leƙo da koren tsiro. Kawu ya share mata kai da wuƙa ya mai da ita ƙasa. Kafin sanyi ya fita ta miƙa sanduna har ƙugu, kowanne da farin fure kamar dunƙulen hannu, zuma na ta kai da kawowa. Sai ya ciro ƙoƙon da zai karkaɗe baƙin irin a ciki ya goge shi da bakin riga.